Tambayoyinku kan fasaha: iyafis mai 40kHz, kai zaka saurara ko jemage?

Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa. Saƙonnin da suka taru wannan karon kusan duk a kan sauti ne, iyafis, sifika, fayil ɗin waƙa da na karatu, shi yasa na haɗa su wuri guda. Masu tambayar yadda ake dawo da WhatsApp da aka yiwa kutse ku yi haƙuri sai wani jiƙon, kafin nan dai ku je ku kunna matakin tsaro na biyu ɗin nan da bakina ya gaji da faɗa.

TAMBAYA: Malam na yi gwajin ji a YouTube, irin wanda sauti ke ta sirancewa lambobi na hawa. Ni daga 15,000 na daina jin komai, amma ƙanena yace yana ji har 18,000. Shekarata 39. Kurumcewa na fara ne?

AMSA: Ba kurumcewa ka fara ba ɗan uwa, tsufa ka fara, shi kuma har yau ba a fitar da manhajar da ke maganinsa ba. Lambar da kake gani tana nuna sau nawa iska ke kaɗawa a daƙiƙa ɗaya, shi ne ake rubutawa Hz, in an ce kHz kuma dubu-dubu kenan. Lamba ƙarama sauti mai kauri, irin rugugin tsawa, lamba babba sauti siriri, irin kukan gyare. A littafi ana cewa mutum na ji daga 20 zuwa 20,000, amma wannan 20,000 ɗin na yaro ne mai lafiyayyen kunne, yawancin manya tsakanin 15,000 da 17,000 suke tsayawa, kuma kullum ƙasa abin yake yi. To kai da ka kusa arba'in kana 15,000 ai kana cikin jama'a.

Kuma asarar ba ta kai yadda lambobin suka tsorata ka ba, domin kunne da ninki yake lissafi. Daga 20 zuwa 40 mataki ɗaya ne, 40 zuwa 80 wani matakin, haka zaka yi ta ninkawa har ka zo 10,000 zuwa 20,000 wanda shi ma mataki ɗaya ne tak cikin kusan goma. Kenan abin da ya kuɓuce maka daga 15,000 zuwa sama bai kai rabin mataki ba. Sannan gwajin YouTube ba abin dogaro bane, an matse sautin kafin ya iso wayarka, sifikar waya kuma tana iya fitar da wani tsaki nata na daban har ƙanen naka ya ɗauka 18,000 yake ji. A asibiti ma gwajin da aka saba yi daga 250 ne zuwa 8,000, don a nan magana take. In kana jin hirar mutane ba sai ka yi ta cewa "na'am?" ba, ka kwantar da hankalinka.

TAMBAYA: Na ga wata ƙaramar sifikar Bluetooth an rubuta 5000W PMPO a jikinta. Ta fi mai 40W RMS?

AMSA: Sifikar da ake cajinta da cajar waya zata ba da wat dubu biyar? Haba. PMPO ba ma'auni bane da kowa ya yarda da shi, kowane kamfani abin da ya ga dama yake bugawa. Ka duba RMS, wato ƙarfin da sifika ke iya bayarwa a ɗore, in babu ka ajiye musu kayansu.

TAMBAYA: Yallaɓai ina da iyafis da aka rubuta 20Hz zuwa 20kHz a kwalinsa. Abokina ya sayi wani mai tambarin Hi-Res, an rubuta 5Hz zuwa 40kHz, yana ta yi min dariya wai nawa rabin waƙa yake fitarwa. Yace kuma dole in koma sauke fayil ɗin 192kHz in ina son jin ainihin sauti. Ina shirin sayar da nawa in cika kuɗi in sayi irin nasa. Me ka gani?

AMSA: To ga tambayar da ke tayar min da hawan jini ta zo. Gyara zama, don yau sai na ƙarasa maganar nan, duk wanda ya sake turo irinta nan zan turo shi.

Da farko ka tambayi abokin naka, shi wane irin kunne Allah ya ba shi? Kare yana ji har wajen 45,000, kyanwa ta wuce 60,000, jemage kuwa ya haura 100,000. Ɗan Adam a ranar da kunnensa ya fi kowane lokaci lafiya 20,000 ne iyakarsa, in abokinka ya wuce shekara ashirin da biyar ma ina tantama ko yana kaiwa can. Wannan "rabin waƙar" da yake cewa kana rasawa, daga 20,000 zuwa 40,000, shi ma bai taɓa jinta ba, kuma ba zai taɓa ji ba ko da ya sayi iyafis ɗin zinare. In akwai kyanwa a gidansu sai ya ba ta aro, ita ce zata ci moriyar kuɗin.

Dalilin kuwa a cikin kunnen yake, ba a waya ba. Bayan dodon kunne, can ciki, akwai wani ɗan bututu a nannaɗe mai siffar katantanwa, cike da ruwa, a jikinsa an jera wasu ƙwayoyin halitta masu gashi-gashi kimanin 16,000. Kowane sashe da irin sautin da yake amsawa, na bakin shiga su ne masu karɓar siririn sauti, na can ƙurya su karɓi mai kauri. Ba a jera masu karɓar 30,000 ba tun asali. Kuma na bakin shigar su ne ke fara lalacewa, kamar tabarmar bakin ƙofa ce, duk mai shigowa sai ya taka ta, shi yasa ji ke fara zaizayewa daga sama. Wanda ya mutu a cikinsu kuma ya tafi kenan, ba ya sake tsirowa a jikin mutum.

Shi tambarin Hi-Res ɗin ba ƙarya bane, wata ƙungiyar masu kayan sauti ta Japan ce ke ba da shi tun 2014, kuma cikin sharuɗɗan akwai cewa na'ura ta iya fitar da sauti har 40kHz. Abin da tambarin ke shaida kenan, cewa 'yar fatar da ke cikin iyafis ɗin tana iya kaɗawa da wannan saurin. Bai ce sautin da ke tsakanin 100 da 10,000, inda kusan duk abin da kake saurara yake zaune, yana da daɗi ba. Akwai iyafis mai tambarin da sautinsa ke tsaga kai, akwai marar tambari da zaka wuni da shi baka gaji ba. Ka lura ma da wata dabara, duk lambar da aka rubuta a kwali babu ± kaza dB (ma'aunin ƙarfin sauti) a gefenta, kamar ace 20Hz zuwa 20kHz ±3dB, to ba ta gaya maka komai ba. Iyafis zai iya kai 40kHz amma da rauni sosai yadda sai na'urar awo ce zata gano yana motsi, kuma a buga lambar a kwali ba wanda zai kama su da laifi. Ita 5Hz ta ƙasan ma haka, wannan ba sauti bane a kunnen mutum, girgiza ce.

Mu zo kan fayil, nan ne mutane suka fi ruɗewa. Lambar 44.1kHz ko 96kHz ko 192kHz da kake gani a jikin fayil tana nufin sau nawa aka auna sautin a daƙiƙa ɗaya lokacin mayar da shi lambobi. Akwai ƙa'idar lissafi da ta samo asali daga aikin Harry Nyquist a 1928, Claude Shannon ya tabbatar da ita a 1949, tace in kana son kama sauti ba tare da ka rasa komai ba to ka auna shi fiye da ninki biyu na mafi sirantarsa. Kana son 20,000, ka auna fiye da sau 40,000. Shi yasa da Sony da Philips suka fito da faifan CD a 1982 suka tsaya a 44,100, wanda ke ɗaukar sauti har 22,050, ya rufe jin mutum har da rara. Fayil ɗin 192kHz yana ɗaukar har 96,000, wato ka shiga unguwar jemagu. Kuma don Allah masu turo min hoton nan na matakalar bene, wai sautin 44.1 a gutsure yake shi kuma 192 sumul, ku daina. Wannan zanen talla ne. Abin da ke fitowa daga na'urar da ke mayar da lambobi sauti sumul yake a duka biyun, ƙarin awo ba ya ƙara wa sautin 1,000 ko 5,000 laushi, sararin sama kawai yake buɗewa.

Ita kuma maganar 16 bit da 24 bit ba ta da alaƙa da sirantaka, tazara ce tsakanin sauti mafi rauni da mafi ƙarfi. 16 bit na ba da kusan 96dB, 24 bit a lissafi 144dB. Ɗakin da kake ganin shiru ne yana da hayaniyarsa ta wajen 30dB, to ka ɗora 96 a kai ka ga inda ka kai, ka wuce inda kunne ke fara ciwo. Balle kai da nasan a cikin mota ko bakin titi kake saurara.

Abin da zaka samu tabbas shi ne cikar memori. Minti ɗaya na ingancin CD in ba a matse ba kusan 10MB ne, na 24 bit 192kHz kusan 69MB. Waƙar minti huɗu kenan ta haura 270MB, FLAC, tsarin da ke matse fayil ba tare da ya zubar da komai ba, ya rage maka wani abu amma duk da haka data ce zata yi kuka. Bayan ka sha wannan wahalar kuma, yawancin wayoyin Android sai su mayar da komai 48kHz kafin ya fita, in kuma iyafis ɗin Bluetooth ne sai a sake matse shi kafin ya tsallaka iska. Wato ka biya kuɗin kaya an sauke su a hanya.

Wani lokacin ma cutarwa yake. Amfilifaya da sifika marasa inganci in aka cusa musu sautin da ya wuce ji, sukan cakuɗa shi su haifo wani a ƙasa, misali 30,000 da 33,000 su haɗu su ba da 3,000, shi kuwa 3,000 ras kake jinsa, a daidai inda kunne ya fi kaifi ma, tsakanin 2,000 da 5,000. Sai mutum yace ai shi yana jin bambanci. Eh kana ji, amma datti kake ji wanda babu shi a ainihin waƙar.

An gwada abin nan a kan mutane fa, ba surutuna bane. A 2007 wasu masu bincike biyu, Meyer da Moran, sun wallafa gwajin da suka yi a Amurka, ana kunna wa mutane faifai mai babban inganci, wani lokaci kai tsaye wani lokaci a bi da shi ta matakin CD, ba tare da sun san wanne ne wanne ba. Cikin gwaji 554 an canka daidai sau 276. Lissafa da kanka, rabi ne, abin da jefa kwabo sama zai ba ka. An soki aikin, an ce wasu faifan da suka yi amfani da su tun asali ba a naɗe su da babban inganci ba, kuma sukar tana da hujja. A 2016 Joshua Reiss na jami'ar Queen Mary ta Landan ya tattara gwaje-gwaje 18 ya haɗa sakamakonsu, ya samu ana canka daidai kashi 52.3 cikin ɗari, waɗanda aka horar suka ɗan fi haka. Masu sayar da kaya suka yi ta murna wai an tabbatar. Ni kuma nace to madalla, a ɗakin gwaji, da kayan aiki na gani na faɗa, mutum ya kasa kunne iya ƙarfinsa, ya fi mai canke da kashi biyu da ɗoriya. A kan wannan zaka sayar da iyafis ɗinka?

Kada wani ya ce na ce 96kHz da 24 bit ba su da amfani. Suna da shi, a situdiyo. Mai naɗar sauti yana buƙatar rara don kada murya ta fashe in mawaƙi ya ɗaga ta ba zato, yana yanka, yana ja, yana rage gudun sauti, yana ɗora abu kan abu sau hamsin, a nan rarar tana aiki. Kai da aka gama aka miƙo maka ba ka da abin yi da ita. Kuma sau da yawa in ka ji fitowar Hi-Res ta wata waƙa ta fi daɗi, to sake gyara ta aka yi daga tushe aka daina matse ƙararta, in aka sauko da wannan gyaran zuwa 44.1 daɗin na nan bai tafi ko'ina ba.

Ga aikin gida na ba ku kai da abokin. Ku sauke Audacity, manhajar gyaran sauti, a kwamfuta, kyauta ce, kullum ina faɗa duk mai kwamfuta ya kamata ya ajiye ta. Ku buɗe fayil ɗin nasa na 192, ku sa matatar da ke zubar da duk abin da ke ƙasa da 20,000 ta bar na sama, ku matsa ta sosai, sai ku kunna a iyafis ɗin nasa mai tambari, amma kada ku ƙure ƙara. Abin da ya rage ɗin shi ne "rabin waƙar". Ku zauna ku saurari shirun tare. In bai gamsu ba, ku yi kwafin fayil ɗin a 44.1 da 16 bit, ku zuba duka biyun a manhajar kunna waƙa ta foobar2000 da ɗan ƙarin nan nata na gwaji mai suna ABX, manhajar zata riƙa ɓoye wanne take kunnawa shi kuma yana faɗa. Sau 16. Mai canke zai samu wajen 8, in ya samu 12 ko sama ya maimaita gobe ya sake samu, ka turo min hoton sakamakon in sa shi a wannan shafin da sunansa.

Kuɗin da kake shirin cikawa kuwa, in har suna maka ƙaiƙayi, ka nemi robobin bakin iyafis masu girma daban-daban ka gwada har ka samu wanda ya toshe kunnenka ruf. Rabin masu kukan "iyafis ɗina ba bes" iska ce ke zurarewa ta gefe. Sannan ka buɗe ikwalaiza ka ɗan taɓa, kaɗan fa, ba irin na masu tura kowane maɓalli sama ba. Wannan bambancin tun daƙiƙar farko zaka ji shi ba sai an rufe maka ido ba.

TAMBAYA: Na samu manhajar da ke mayar da MP3 zuwa FLAC, in na mayar da waƙoƙina duka ingancinsu zai ƙaru?

AMSA: Girmansu zai ƙaru. Abin da MP3 ya zubar ya zubu, a 128kbps yawanci ana yanke duk abin da ya haura wajen 16,000, kuma ba manhajar da ta san me ke wurin balle ta dawo da shi. Goge ta, na tabbata talla ce fal a ciki.

TAMBAYA: Gaskiya ne akwai manhajar da ke korar sauro da sautin da mutum ba ya ji? Ina kunna ta kusa da jaririna da dare.

AMSA: Hajiya kashe ta yanzu, kafin ki ƙarasa karanta amsar nan. Cibiyar Cochrane mai tace binciken lafiya ta tattara gwaje-gwajen da aka yi kan na'urorin korar sauro da sauti a 2007, ba a ga sun rage cizo ba ko kaɗan. Waɗancan ma na'urori ne da aka ƙera don aikin, balle sifikar waya da ƙyar take kaiwa 20,000. Abin da ya fi damuna, sautin da manhajar ke fitarwa ke ce ba kya ji, jaririn kuwa kunnensa sabo ne, yana iya jinsa tsaf, kin ajiye masa tsiwa a kai dare guda ga sauro na cizonsa. Gidan sauro mai magani shi ne abin da aka tabbatar yana aiki.

TAMBAYA: 'Yata mai shekara 12 tana cewa cajar wayata tana kuka in an bar ta a soket, ni ban taɓa ji ba, har na fara tunanin ko wani abu ke damunta.

AMSA: Lafiyarta ƙalau Alhaji, ita ke da gaskiya. Cajojin zamani suna kunna wuta suna kashewa sau dubbai a daƙiƙa, yawanci sama da inda ake ji, amma in waya ta cika ko an zare ta sai wasu su rage gudu su faɗo cikin jin mutum, 'yar nannaɗaɗɗiyar wayar da ke ciki ta riƙa rawa tana ba da siririn sauti. Kai ma lokacin da kake kamarta ai kana sanin an kunna tsohuwar talabijin mai ƙeya tun daga wani ɗakin ko an kashe murya, wannan tsiwar 15,625Hz ce, yau in aka kunna maka ita da wuya ka ji. A Birtaniya ma wani mai suna Howard Stapleton ya ƙera na'ura a 2005 ya sa mata suna Mosquito, tana fitar da sauti wajen 17,400 don korar matasa masu taruwa a ƙofar kantuna, manya su wuce ba su san ana yi ba. Yaran kuma suka naɗi sautin suka mayar da shi ƙarar shigowar saƙo, waya na kuka a aji malami bai ji ba. Kukan caja shi kaɗai ba haɗari bane, amma in tana zafi sosai ko tana wari ko tana tartsatsi, jefar da ita.

TAMBAYA: Me yasa a kiran waya na yau da kullum murya ke dushewa, amma a kiran WhatsApp take fita tas?

AMSA: Tsohon tsarin kira daga 300 zuwa 3,400Hz kawai yake ɗauka, an yanke sama an yanke ƙasa tun zamanin wayar tangaraho don layi ya ɗauki mutane da yawa. Harufa irin su s da f kuwa yawancin abin da ke bambanta su yana sama da haka, shi yasa zaka ce fata a ji sata. Kiran intanet da wanda ake kira HD suna kaiwa 7,000 ko fiye. Ka duba ko layinka da wayarka suna da VoLTE, wato kira ta kan 4G, ka kunna, kuma sai wanda kake kira shi ma yana da shi. Mai tambayar 40kHz na sama ya lura, wannan shi ne ƙarin da kowa ke ji, har kakarka. Rediyon FM ma a 15,000 yake tsayawa, ban taɓa samun saƙon wanda ya ce rabin waƙa ake sa masa ba.

TAMBAYA: Ina kwana da iyafis a kunne, kuma in ban ƙure ƙara ba bana jin daɗi. Kwanan nan in na cire sai in riƙa jin wani "tiiii" a kunnena. Iyafis ɗin ne ba shi da kyau? Wanne zan saya?

AMSA: Ƙanena ba wanda zaka saya. Wannan "tiiii" ɗin ba daga iyafis yake ba, ƙwayoyin nan masu gashi da na yi bayani a sama ne ke shaida maka sun jigata. Hukumar Lafiya ta Duniya tace babba zai iya sauraron 80dB na awa 40 a mako lafiya lau, in ya kai 90dB awa 4 ne kacal a mako, a 100dB kuwa minti 20. Waya da iyafis in aka ƙure su suna iya haura 100 ɗin. Kai kuma dare guda kake yi, ka cinye rabon wata da watanni kafin asuba. Abin haushin ma ɓarnar ƙara ba a can 18,000 take tsayawa ba inda ba wanda zai yi kewarsa, ta fi cin wajen 4,000, kusa da inda harufan magana suke, sai ka wayi gari kana jin mutane na magana amma ba ka gane me suke cewa in akwai hayaniya.

Ka sauke ƙara zuwa kashi 60, duk awa ɗaya ka cire ka huta, ka sa wa manhajar lokacin kashe kanta in zaka kwanta. A iPhone akwai Headphone Safety a saitin sauti, a Samsung akwai wurin ƙayyade ƙara, ka sa ka ba wani ya sa lambar sirrin don na san halinku. Kwana biyu na farko zaka ji kamar an rage maka wani abu, daga baya kunne ya saba. In hayaniyar waje ce ke sa ka ƙurewa, to a nan kam na yarda ka kashe kuɗi kan mai toshe hayaniya. In ƙarar ta wuce 'yan kwanaki ba ta tafi ba ka ga likitan kunne, in kuma ji ya ɗauke maka farat ɗaya a kunne guda, ranar zaka tafi ba sai ka turo min saƙo ba.

TAMBAYA: Na sayi hedfon mai LDAC, ya zan kunna shi a iPhone?

AMSA: Ba zaka kunna ba, LDAC hanya ce ta aika sauti ta Bluetooth kuma iPhone ba ta san shi ba, da wata hanyar mai suna AAC zata haɗa ku kuma ya ishe ka. Masu Android daga 8 zuwa sama yana nan a saitin Bluetooth na hedfon ɗin, amma in kun tilasta shi a 990kbps ya fara yankewa cikin jama'a ku mayar da shi 660 ku huta.